Kyanwa a Layin Shanu

A gidan Malam Lawal da ke bayan kasuwar Jibiya akwai raguna bakwai, da kaji waɗanda ba wanda ya san adadinsu, da kyanwa guda ɗaya. Ragunan na turka ne, idan sun yi ƙiba a sayar wa fatake masu ƙetarawa Maraɗi. Kajin na Goggo Uwa ne, yayar Malam Lawal, wadda ta dawo gidan ƙanenta da zama tun bayan rasuwar mijinta. Kyanwar kuwa ba a taɓa cewa ta wane ce ba, amma kowa ya san a wajen ƙafafun Mutmainna take kwana.

Mutmainna ita ce autar gidan, shekarunta goma sha biyar. Sunan kyanwar Kwastam. Malam Lawal ne ya raɗa mata shi, domin ba buhun da zai shigo gidan, na dusa ko na gero, ba ta zo ta kewaye shi ta shinshina ba.

Damina ta yi nisa a lokacin, kaska ta yi yawa. Duk bayan mako biyu Malam Lawal yakan ɗauko wata kwalba da ake kawo masa daga Maraɗi, ya zuba murfi ɗaya a bokitin ruwa, ya wanke ragunansa da shi. Idan ya gama sai ya kai kwalbar can saman bango a ɗakin ajiya, kuma ya sha faɗa cewa kada kowa ya taɓa ta. To ranar Lahadin nan, ranar kasuwa, sauri ya sa ya bar ta a bakin rijiya ya fita. Mahaifiyar Mutmainna kuma tana Mazanya wajen babbar 'yarta da ta haihu. Gidan ya rage daga Goggo sai Mutmainna.

Kusan mako biyu ke nan Kwastam tana fama da ƙuma. Ta sosa wuyanta har gashin wurin ya zube, fatar ta yi ja. Da hantsi Goggo tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, kyanwar ta zo gefenta ta hau susa da ƙafar baya.

"Wagga mussa ta ishe ni," in ji Goggo. "Ke Mutmainna, ɗauko kwalbar can ta babanki. Ki tsoma tsumma ki shafe mata wuya da gadon baya."

"Goggo, Baba ya ce kar a taɓa."

"Ni na goyi baban naki. Abin da ya kashe kaskar rago, ƙuma ce za ta gagare shi? Kuma kada ki sirka da ruwa, ki sa shi da ƙarfinsa mu huta gaba ɗaya."

Mutmainna ta ɗauki kwalbar ta jujjuya ta. Rubutun jikinta Faransanci ne, ba ta iya karanta shi ba. Akwai hoton saniya, akwai na tunkiya. Ta lura babu na kyanwa, har ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga Goggo ta ɗago kai tana kallonta. Ta fasa. Ta tsoma tsumman, ta riƙe Kwastam a cinyarta ta shafa mata tun daga bayan kunne har gindin wutsiya. Kyanwar ta yi atishawa sau biyu, ta zille ta shige ƙarƙashin rumbu.

Gab da azahar Mutmainna ta fito daga ɗaki da littafi a hannu, ta tarar da ita a tsakar gida. Kunnuwanta suna karkarwa su kaɗai. Fatar bayanta tana motsi kamar wani abu na tafiya a ƙarƙashinta. Miyau na dalala daga bakinta. Ta yi ƙoƙarin takowa wajen Mutmainna, ƙafafun suka ƙi, ta faɗi ta gefe tana shure-shure.

"Goggo! Goggo, ki zo ki ga!"

Goggo ta taso da ƙyar saboda gwiwoyinta. Ta tsaya a kan kyanwar tana salati. Ta sa aka ɗauko manja a cokali, amma haƙoran Kwastam sun datse, manjan ya bi gefen baki ya zube a ƙasa. Goggo ta dubi kwalbar da ke bakin rijiya, ta dubi ƙofar gida, sannan ta rage murya.

"Ɓera ta ci. Maƙwabta sun sa guba, ta kama ɓeran ta ci. In babanki ya tambaya abin da za ki ce ke nan. Kin ji ni?"

Mutmainna ba ta ce ta ji ba. Ta kira wayar babanta sau uku, hayaniyar kasuwa ba ta bar shi ya ɗauka ba. Sai ta tuna da wata likitar dabbobi da ta taɓa zuwa gidan lokacin da cikin wani rago ya kumbura. A Magama take aiki, kusa da bakin iyaka, inda ake duba dabbobi kafin su ƙetara.

"Zan kai ta wurin likita."

"Likita? Mussa? Ke da ko aike shago sai kin tsaya a zaure kina haɗa maganar da za ki faɗi?"

Gaskiya Goggo ta faɗa. Amma Mutmainna ta riga ta sa hijabi. Ta nemi kwando ba ta samu ba, sai wani buhun dusa da ba kowa a ciki. Ta sa kyanwar a hankali, ta bar bakin buhun a buɗe. Da Goggo ta juya baya, Mutmainna ta ɗauki kwalbar ta jefa a jakarta ta makaranta. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa ta ɗauka ba. Ta tari ɗan kabu-kabu a bakin titi. Duk tsawon hanyar tana jin jikin Kwastam yana ɓari a cinyarta ta cikin buhun.

Magama cike take. Manyan motoci sun jeru har ba a ganin ƙarshensu, wasu da hatsi, wasu da shanu. Wurin duba dabbobin rumfa ce ta kwano, a gabanta layi ya miƙe: maza ne zalla, kowa riƙe da igiyar saniya ko ta raguna. Mutmainna ta je can ƙarshe ta tsaya, ta rungume buhun.

Wani direba mai suna Ɗanladi, mutumin Maraɗi, yana jingine da babbar motarsa, wadda yake ce wa kamyo, yana jiran a duba shanun da ya ɗauko. Ya ga buhun yana motsi.

"Ke 'yan mata, mussa ce?"

Ta gyaɗa kai.

"To mi kike tsayuwa nan? Kawo ta in jefa bayan kamyo. In na wuce Ɗan Isa in sake ta, wallahi ko iyayenta ba su gane hanyar gida."

Ba da mugunta ya faɗa ba. A garin nan idan aka ga kyanwa a cikin buhu, an san an gaji da ita ne, za a kai ta nesa a yar, an rufe ta don kada ta ga hanya ta dawo.

"Ba yarwa zan yi ba," in ji Mutmainna. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, sai da ta maimaita. "Likita na kawo ta."

"Likita!" Ɗanladi ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku gani, mussa a layin shanu! Takardar ƙetarawa za a yi mata? Nawa-nawa ake sayar da su a Maraɗi, in koma in kwaso na gidanmu?"

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai ko ita ma a duba mata haƙora a ga shekarunta. Mutmainna ta sunkuyar da kai. Ta ƙirga mutanen da ke gabanta, goma sha ɗaya ne. A cikin buhun shure-shuren ya ƙaru.

Wani dattijo ya bar gaban layi ya tako wajenta. Makiyayi ne daga Riko, ana ce masa Kalilu. Yana riƙe da igiyar wani jan kare wanda ƙuda suka cinye wa bakin kunnuwa, ya kawo shi a sa masa magani a kuma yi masa allurar rigakafin hauka. Ya ce ta buɗe ya gani. Ya leƙa, bai daɗe ba ya ɗago.

"Wannan ba ta jira," ya ce. Ya ɗaga murya. "Likita! Ga wadda ta fi ni gaggawa."

"Haba Baffa, tun safe fa muke nan," in ji wani mai raguna.

"Naka wurin na taɓa? Nawa na ba ta. Ni zan koma inda take tsaye." Ya dubi Mutmainna. "Wuce, yarinya. Wuce mana."

Likita Ummu Salma doguwar mace ce, da takalmin roba har gwiwa, ta cusa hijabinta cikin farar riga da ta daina zama fara. Ta cire safar hannu ta sa sabuwa, ta shimfiɗa kwali a kan teburi, ta zaro Kwastam daga buhun. Ta duba idanunta, ta ɗaga leɓenta, ta sa mata ma'aunin zafi.

"Jikinta ya yi zafi sosai. Me ta ci?"

"Ɓera," in ji Mutmainna. "An ce ɓera ta ci, mai guba."

"An ce, ko kin gani?"

Mutmainna ta dubi jakarta. Mutanen layi sun matso, har da Ɗanladi, kowa na son ganin yadda ake duba kyanwa.

Likitar ta jawo akwatin magani ta buɗe, ta ɗora hannu a kan wata 'yar kwalba, amma ba ta ɗauka ba. "Ƙanwata, saurara. Gubar ɓera iri-iri ce, kowace da yadda ake yi mata. Idan kuma wani abu ne daban, aikin ma daban ne. Tun safe hannuna cikin magungunan shanu yake, hancina ya daina jin warin komai, ba zan gane da kaina ba. Abin da kika faɗa mini shi zan bi. In na bi hanyar da ba ita ba, lokaci za mu ɓata, ita kuma ba ta da shi."

Mutmainna ta tuna fuskar Goggo, ta tuna ta babanta. Ta dubi Kwastam, wadda idanunta suke a buɗe amma ba sa kallon kowa. Ta zuge jakar, ta fito da kwalbar ta ajiye a kan teburin.

"Ba ɓera ba ne. Wannan ne. Ni na shafa mata, a wuya da baya, saboda ƙuma. Ban sirka ba."

Ta jira faɗa. Likitar ta ɗauki kwalbar ta karanta, ta ajiye.

"Yaushe?"

"Da hantsi."

"Kin ba ta wani abu?"

"An gwada manja, bai shiga ba."

"Gara da bai shiga ba, da ya sarƙe ta. Madalla da kika zo da kwalbar." Ta rufe akwatin farko ta buɗe wani, ta zuƙi allura. "Riƙe mini kanta, haka, kar ki matse wuya. Wannan za ta kwantar da karkarwar. Sannan sai mun wanke maganin daga jikinta, don har yanzu shiga yake ta fata." Ta ɗaga kai ta dubi masu kallo. "Cikinku wa zai samo mini ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka? Ba mai zafi ba, kamar na wankan jariri."

Ba wanda ya motsa. Sai Ɗanladi ya yi tsaki, ya saɓa tawul ɗinsa a kafaɗa ya nufi teburin mai shayi. Ya dawo da buta a hannu ɗaya, bokiti a ɗaya, sabulu a aljihu.

"Shekara ashirin ina jan kamyo," ya ce yana sirka ruwan, yana gwadawa da gwiwar hannu, "yau ga ni ina haɗa wa mussa ruwan jego. Kada wanda ya kai labarin nan Maraɗi."

"Ni zan kai," in ji mai ragunan.

Sau uku suka wanke ta. Likitar tana cuɗa kumfa, Mutmainna tana tallafe da kan don kada ruwa ya shiga hanci, Ɗanladi yana zubawa yana mita. Da aka jiƙa ta, Kwastam ta koma 'yar mitsitsiya, duk ƙasusuwa. Aka goge ta da tawul ɗin Ɗanladi. Likitar ta sa mata ruwa ta ƙarƙashin fatar wuya da wata babbar allura. Zuwa lokacin shure-shuren ya tsaya, saura kunnuwa da ke ɗan motsi.

"Jikin saniya yana iya narkar da wannan magani," in ji likitar, tana magana da Mutmainna amma da ƙarfi yadda na layi za su ji. "Na kyanwa ba ya iyawa. Ɗigo kaɗan ya isa. Haka ma farasitamol da kuke ba su in sun yi lamo, ƙwaya ɗaya tana kashe kyanwa. Kare ma ba kowane maganin shanu yake ɗauka ba. Ku riƙa tambaya, ba na cizo."

"Za ta tashi?" in ji Mutmainna.

"Ba zan ce miki za ta tashi ba, wannan na Allah ne. Amma kin kawo ta da wuri. Ki sa ta a ɗaki mai duhu, ba hayaniya. Kada a ɗura mata komai sai ta iya ɗaga kai da kanta. Gobe da safe ki dawo da ita." Ta zazzage wani kwalin magani, ta huda shi ta gefe. "Kuma a nan za ki sa ta. Buhu zafi gare shi."

Da Mutmainna ta fito da kwalin, ta hangi Kalilu can ƙarshen layi, a daidai inda ta tsaya ɗazu, ya tsuguna a rana, karen ya ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Ta je ta durƙusa.

"Baffa, na gode. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Ba komai." Ya shafa kan karen. "Wannan da kike gani shekara takwas yana bin shanuna. Ranar da na fara kawo shi nan, ni ma dariya aka yi mini. Tafi, kar rana ta dake ta."

Ta isa gida bayan la'asar. Malam Lawal ya dawo, yana tsaye a bakin rijiya yana dube-dube, Goggo na zaune ta ƙura wa tabarma ido. Mutmainna ta ajiye kwalin a inuwa, ta ciro kwalbar ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ni na ɗauka."

Ya dubi kwalbar, ya leƙa kwalin. "Goggonki ta ce ɓera ta ci."

"Lawal," in ji Goggo, ba ta ɗago ba. "Ba ɓera ba ne. Ni na sa ta. Ta ce ka hana, na ce ni na goye ka."

Malam Lawal ya juya kwalbar a hannunsa. Sannan ya ce, "Ni ma ni na bar ta a bakin rijiya." Ya shiga ɗakin ajiya ya fara fito da buhuna, ya share wuri, ya toshe tagar da tsohuwar tabarma. Ya kora kajin Goggo bayan gida.

Ranar Litinin shi ya ɗauki Mutmainna a babur ɗinsa, kwalin a tsakaninsu, aka ƙara wa Kwastam allura da ruwa. Ranar Talata ta ɗaga kai ta lashi ruwa daga murfin kwano, sau huɗu, Mutmainna na tsugune tana kallo. Ranar Laraba da safe Goggo ce ta fara ganinta: ta fito daga ɗakin ajiya tana tangaɗi, ta zo tsakar gida inda rana ta sauka, ta zauna, ta fara lasar hannunta.

"Mutmainna! Zo ki ga 'yar banza!" Goggo na dariya tana share ido da bakin zane. Ta ɓare busasshen kifin da ta ɓoye don miyarta, ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye mata. Kwastam ta shinshina, ta ci rabi.

Goggo ta shiga ɗaki ta jima, ta fito da ƙwai a ƙwarya, ta kasa su uku, ta ƙulle kowane kashi a tsumma mai tsabta.

"Wannan na likita. Wannan na dattijon da ya ba ki wuri. Wannan na mai bakin nan da ya ɗebo ruwa."

"Goggo, shi fa dariya ya yi mini."

"Ya yi dariya, ya ɗebo ruwa. Kai mishi."

A hanya Mutmainna ta shirya godiya mai tsawo, ta maimaita ta har ta zauna mata. Ba ranar kasuwa ba ce, layin gajere ne. Ta tarar da Likita Ummu Salma ta sunkuya tana duba kofaton wata saniya. Likitar ta waiwayo, ta ga ba kwali a hannunta, ta saki ƙafar saniyar ta miƙe.

"Yaya?"

Duk abin da Mutmainna ta shirya ya tafi. "Ta ci kifi," ta ce.

"Alhamdu lillahi!" Likitar ta buga cinyar saniyar har ta zabura. "Da yawa?"

"Rabi. Goggo ta ce a kawo miki wannan. Wannan kuma na Baffa Kalilu, wannan na direba."

"Ƙwai? A ina zan ajiye ƙwai a tsakiyar shanu?" Ta karɓa tana dariya, ta buɗe akwatin auduga ta jera ƙullin a ciki. "Gobe ina Riko rigakafi, zan kai wa Baffa nasa har ruga. Ɗanladi kuwa sai Lahadi yake ƙetarowa. A gaban kowa zan ba shi, in ce tukuicin wankan jego ne."

Mutmainna ta yi dariya, ta rufe baki da hijabi.

"Ki gaida Goggo, ki ce na gode. Jibi ki kawo mini ita in ga wuyan nan, mu yi maganin ƙumar yadda ya dace." Likitar ta sake sunkuyawa ta kama ƙafar saniyar. "Tunda kin zo, miƙo mini almakashin can. A'a, babban."